Yadda na gyara daɓen tsakar gidanmu a Garwa

Daɓen ya tsufa, ya tsattsage, da damina ruwa na kwanciya a bakin ƙofa. Na fara shafa masa ruwan siminti, rana ta buga shi ya ɓaɓɓare. Cike tsagogin ma bai riƙe ba.

Abin da ya yi aiki: na ƙwanƙwasa ko'ina da guduma, duk inda ya yi ƙarar rami na fasa shi, na sassaƙe sauran ya yi kaushi. Na wanke ƙura, na jiƙa shi tun da dare. Da asuba na shafa kunun siminti, tun bai bushe ba na zuba kwaɓi, siminti 1 yashin Binuwai 3, kaurin santimita 4, da ɗan gangare zuwa rariya. Na rufe da buhunan algarara, ina yayyafa ruwa safe da yamma kwana 7. Wannan ban-ruwan shi ne magana a zafin Garwa.

Alhamdu lillahi, ya kama.