Zanen bugun hannu: yadda ake gane na gaske da yadda ake rataye shi a falo

Bari in fara da ɓarnar da aka yi min don kar ta faɗa kanka. Zanen farko da na saya ɗan ƙarami ne, bai fi tafin hannu biyu ba, hoton wata tsohuwar ƙofar gari da bishiyar kuka a gefe, na ɗauka da murnata na kai wa mai firam na bakin titi, irin wanda yake sa wa mutane hoton biki da satifiket. Da na koma bayan kwana biyu sai na tarar ya yanke farin gefen takardar tas wai don ta shiga firam ɗin da yake da shi a ƙasa, ya kuma shafa gam ya manne ta a jikin katako, lamba da sa hannun mai zanen duk sun bi shara. Yana ta washe baki wai ai ya gyara min. Kuɗin aikinsa ma sai da na biya.

To shi wannan zanen da Turawa ke kira ecin, ba fosta ba ne, ba kuma fotokwafi ba. Mai zane zai samu fallen jan ƙarfe ya shafe shi da wani abu mai kamar kakin zuma, ya sa allura ya zana abin da yake so, duk inda allurar ta bi ta ɗebe kakin ƙarfe ya fito. Sai ya tsoma fallen cikin asid, asid ya ci wuraren da suka buɗe kaɗai. A wanke, a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman, a ɗora takarda mai ɗan danshi a bi da ita ta cikin injin matsa. Ɗaya kenan. In ana son na biyu sai an sake sa tawada an sake gogewa da hannu, shi ya sa in ka jera guda biyu daga falle ɗaya za ka ga ba su zo daidai cif ba. Akwai kuma wanda ake sassaƙa katako a buga, akwai litogiraf da ake zanawa a kan dutse, duk 'yan gida ɗaya ne.

In an miƙo maka zane ana cewa na gaske ne, kar ka fara kallon kyansa, fara kallon gefe. Ecin yana da shatin da bakin fallen ya bari a jikin takarda, ɗan lotsawa ne mai kusurwa huɗu da ya zagaye zanen, in ka karkata takardar wajen haske za ka gan shi. Tawadar ma tana ɗan tasowa kaɗan. Daga nan ciro wayarka ka ja hoton kusa sosai da kyamara, in ka ga ɗige-ɗige ƙanana jere reras kamar na hoton jarida ko kalanda to inji ne ya buga, ajiye musu kayansu. Amma fa litogiraf da bugun katako ba su da wannan shatin, kar ka je ka ƙaryata mutum a banza, kuma 'yan damfara sun iya danna shatin ƙarya a jikin fotokwafi, don haka shati kaɗai bai isa hujja ba sai ka haɗa da duban ɗige-ɗigen.

A ƙasan zanen za ka ga rubutu da fensir. Hagu lamba, misali 12/50, wato na goma sha biyu cikin hamsin da aka buga, dama kuma sa hannun mai shi. In ka ga A/P na gwaji ne da mai zanen ya ware wa kansa. Mutane na rububin lamba ta 1 suna ganin ta fi, ni dai ban taɓa ƙara ko sisi a kan haka ba, na fi duba ko layukan sun fito raɗau, don jan ƙarfe yana cinyewa in bugu ya yi yawa. Kuma wannan al'adar ta sa hannu da fensir sai wajen ƙarshen ƙarni na 19 ta yaɗu. Rembrandt ɗan ƙasar Holan, wanda ya yi ecin kusan 300, ya rasu tun 1669, saboda haka duk wanda ya nuna maka nasa da lamba da fensir a ƙasa a intanet kan kuɗin buhun shinkafa, ka san inda aka dosa. Fallayensa ma da yawa sun rayu bayansa an yi ta bugawa da su, irin waɗannan ba su kama ƙafar na zamaninsa a daraja ba.

Ni shawarata ma ka bar batun Turai tukuna, fara daga gida. Bruce Onobrakpeya, wanda aka haifa 1932, yana cikin manyan masu bugun zane a Afirka gaba ɗaya, kuma a Zariya ya yi karatu, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 su da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Nasa yanzu sai mai ƙumbar susa. Amma sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello na nan, ɗalibai na baje aikinsu in za su gama, a irin wurin nan za ka sayi abu hannu da hannu ka tambayi mai shi guda nawa ya buga da irin takardar da ya sa, ka ce ya rubuta maka rasit da sunan zanen da shekara da lamba. Adana rasit ɗin nan kamar takardar fili. In kuma tsohon abu ne ya fi burge ka, littafin tafiyar Barth, Bajamushen da ya shigo Kano a 1851 yana amsa sunan Abdulkarim, yana da hoton birnin daga saman Dala, litogiraf ne, kuma dillalai a waje kan cire irin waɗannan shafuka su sayar ɗai-ɗai. Gaskiya ina jin zafin yaga littafi, amma wanda aka riga aka cire an cire.

Da yawanmu ba ma rataye hoton abu mai rai a ɗaki, wannan ba matsala, akwai na gine-gine da ganuwa da bishiyoyi da taswira da rubutun Larabci da zayyana irin ta dagi, sun ishe ka cika gida.

Yanzu firam, inda na ci ƙasa. Je ka da kanka ka tsaya a kansa. Ba yanka, ba gam, ba salatif, kuma don Allah ba laminetin, wanda aka yi wa laminetin ya mutu murus. Ka ce a yanko kwali mai kauri marar asid a buɗe masa taga a tsakiya, shi zai raba takardar da gilashi, don in ta manne da gilashi damina ɗaya ta isa fumfuna ta kama ta. Tagar ta bar shatin da lambar da sa hannun a waje ana gani. Takardar kuma daga sama kawai ake riƙe ta da 'yan ƙananan maƙalai biyu na takarda, a bar ƙasan sake saboda tana miƙewa tana tsukewa da yanayi. Bayan firam ɗin a toshe shi ruf, in ba haka ba ƙurar hunturu za ta shiga ta zauna, kyankyaso ma ya samu gida. Baƙin firam siriri ko na katako marar ado ya fi, mai ruwan gwal ɗin nan da ake yayi cinye ƙaramin zane yake yi, ido ya tafi kan firam.

Wajen rataya, guji bangon da rana ke duka ta taga, takarda ja take yi launi ya koɗe kuma ba ya dawowa. Guji bangon da ke jingine da banɗaki ko wanda ke tsatsafo da damina, da kusa da kicin. Uwargida kuma a roƙe ta ta ɗan matsar da kaskon turaren wuta, hayaƙin nan mai daɗi a hanci shi ke dafar da takarda a hankali. A gidajen baje zane tsakiyar hoton kan kai kamar santimita 145 daga ƙasa, mu kuwa mun saba kai hoto can kusa da silin kamar agogon bango, alhali ecin abu ne na kallon kusa, in ma falon na zaman kafet ne sauke shi ƙasa da haka. Ƙanana uku ko huɗu a haɗe wuri ɗaya da tazarar yatsu huɗu sun fi a warwatsa su bango-bango, ni nakan jera su a ƙasa tukuna in ga zaman su kafin in taɓa ƙusa. Liƙa ɗan guntun roba a kusurwoyin ƙasa ta baya don iska ta riƙa wucewa tsakaninsa da bango, in gidan ƙasa ne ko unguwar akwai gara, sauke shi duk bayan wata biyu ka leƙa bayan.

Waɗanda ba ka sa wa firam ba kar ka naɗe su kamar tabarma. Kwantar da su a aljihun tebur da farar takarda tsakanin kowanne, ba jarida ba, ka wanke hannu ya bushe kafin ka ɗauka, kuma da hannu biyu ta gefe.