Yadda za ka koya wa ɗan Koriya kalmar revelry ta Turanci

Toh in ɗalibinka ɗan Koriya ne kar ka fara da ma'ana, fara da baki, don a nan rigimar take. A rubutunsu na Hangul harafi ɗaya ne, ㄹ, yake aikin r da l duka, v kuma babu ita sam, b suke sawa. Ita kuwa revelry ta kwaso r da v da l da wani r ɗin. In ka ƙyale shi revel zai mayar rebel, shagali ya koma ɗan tawaye kenan.

Sa shi gaban madubi, haƙoran sama su hau leɓen ƙasa ya ja vvv har ya ji leɓen na kaɗawa, in leɓɓan biyu suka haɗu to b ya yi, a sake. Sai ka yanka masa ita uku, RE-vel-ry, ƙarfin murya a gaɓar farko. Wajen l harshe ya taɓa bayan haƙoran sama, wajen r ya janye kar ya taɓa komai, wannan tsallen daga l zuwa r shi zai fi ba shi wuya, ka yi haƙuri da shi kawai.

Ma'anar kuma kar ka ce biki ne ka yi shiru, zai ɗauka zaman iyali na Chuseok, bikin girbinsu, ma revelry ne, alhali sai da hayaniya da raye-raye, galibi ma har da shaye-shaye. Tuna masa kofin duniya na 2002 da Koriya ta Kudu ta kai wasan kusa da na ƙarshe, jama'a cikin jajayen riguna suka cika dandalin gaban ofishin magajin garin Seoul da ihu da ganguna, nan take zai gane. Wataƙila ya ce ai heungcheong-mangcheong ce, kalmar da ake dangantawa da sharholiyar sarki Yeonsangun da aka tsige a 1506. Ta yi kusa kam, sai dai ita ta fi karkata wajen almubazzaranci.

Ba a cika cewa a revelry ba, a night of revelry ake cewa. Masu yin ta revellers ne a Ingila, Amurkawa kuma l ɗaya suke sawa. Kuma fa kalmar jarida da littafi ce, in abokinsa zai gayyata ya ce party ya huta.