Yadda ake dasa itace mai geza na ƙasar Sin har ya yi fure

Wannan itace, wanda masana tsirrai ke kira Chionanthus retusus, ɗan gidan su zaitun ne. Asalinsa ƙasar Sin da Koriya da Taiwan da wasu sassan Japan, kuma wani masanin tsirrai ɗan Scotland, Robert Fortune, shi ne ya kai shi Ingila a 1845. A lambun gida yakan tsaya a mita 4 zuwa 8, da kai mai faɗi. Abin da ake nemansa dominsa shi ne furensa: fari fat, sirara-sirara kamar geza, yana rufe itacen baki ɗaya na kimanin mako biyu tsakanin Afrilu da Yuni, gwargwadon sanyin gari. Mutanen Koriya suna kwatanta shi da dafaffiyar shinkafa da aka tula a kwano.

Sai dai itacen ƙasashen hunturu ne. Yana zubar da ganye, ya kwanta cikin sanyi na watanni, sannan ya farka ya yi toho. Yana jure sanyi har wajen digiri 20 ƙasa da sifili. A zafin Kano ko Maradi ba zai samu wannan hutun ba, don haka kada a ɓata kuɗi. Bayanin nan na masu fili ne a wurare irin su Amurka da Turai da gabashin Asiya.

Wanda za ka saya

A nan ne ake yawan yin asara tun kafin a haƙa rami. Itacen da aka tsirar daga iri yakan ɗauki shekaru kafin ya fara fure, kuma ba ka san irin furen da zai yi ba. Nemi ɗan aure ko wanda aka samar daga yankan reshe, mai suna a jikinsa. Daga cikin irin waɗannan masu suna, China Snow yana da ganye mai kauri da sheƙi da fure mai yawa. Tokyo Tower siriri ne, yana miƙewa sama, faɗinsa bai cika wuce mita 2 ba, shi ya dace da ɗan lungu tsakanin katanga da hanyar mota. Arnold's Pride ya fito ne daga gandun itatuwa na Arnold da ke Boston, yana yin gangar jiki guda miƙaƙƙiya.

Akwai kuma batun 'ya'ya. Wasu itatuwan furen namiji kawai suke yi, ba sa haihuwa. Wasu kuwa suna yin 'ya'ya shuɗi mai duhu, kamar ƙananan zaitun, a kaka. Tsuntsaye na son su, amma suna ɓata daɓe da rufin mota. In kusa da ƙofar gida za ka dasa, tambayi mai sayarwa wanne ne. Mafi sauƙi shi ne ka je saye lokacin da itatuwan ke cikin fure, ka zaɓa da idonka.

Kafin ka biya, zare shi daga tukunya ka duba saiwa. In ka ga manyan saiwoyi sun naɗe suna kewaya juna, ajiye shi ka ɗauki wani.

Wuri da ƙasa

Yana son rana ta aƙalla awa 6. A inuwa zai rayu, amma furen zai yi ƙaranci, rassan su yi tsayi ba ƙwari. A garuruwa masu zafin rani sosai, inuwar la'asar tana hana gefen ganye ƙonewa. Bar mita 4 tsakaninsa da bango, sai dai in siriri ne irin Tokyo Tower. Hayaƙin mota ba ya damunsa, shi ya sa ake jera shi a titunan biranen Koriya.

Ƙasa mai riƙe danshi amma ba ta kwantar da ruwa ita ce tasa, in ta ɗan yi tsami ya fi. Gwada ta haka: haƙa rami mai zurfin santimita 30, cika shi da ruwa, bari ya tsotse, ka sake cikawa. In ruwan na biyu ya kwana bai tafi ba, wurin bai yi ba, sai dai ka tara ƙasa ta yi tudu na santimita 20 zuwa 30 ka dasa a kai.

Dashen kansa

Ana dasawa a farkon kaka ko da zarar ƙasa ta saki bayan hunturu. Faɗin rami ya ninka na dunƙulen saiwa sau biyu zuwa uku, amma zurfinsa kada ya wuce tsayin dunƙulen ko da yatsa ɗaya. Wannan shi ne muhimmin abu a aikin duka. Share ƙasar saman tukunya da hannu har ka ga inda gindi ya fara buɗewa ya zama saiwa. Sau da yawa masu reno sun binne wurin da santimita 5 ko fiye. Wannan wuyan dole ya zauna daidai da fuskar ƙasa, ko ya ɗan ɗara ta. In aka binne shi, ɓawon gindi yana zama cikin damshi ya ruɓe, saiwoyi su rasa iska, wasu su tsiro sama su shaƙe gangar jikin. Abin haushin shi ne ba ya mutuwa nan take. Sai bayan shekara uku ko huɗu a ga ganye na ƙanƙancewa, rassan sama na bushewa, a yi ta zargin cuta.

Warware saiwoyin gefe da yatsu, ka yanke duk wadda ta lanƙwashe. Mayar da ƙasar da ka haƙo, ba tare da ka cika ramin da taki ba. Rami mai daɗi a tsakiyar yumɓu yana tara ruwa ne kawai, saiwa kuma ta ƙi fita daga cikinsa. In ka cika rabi, zuba ruwa ƙasa ta zauna, sannan ka ƙarasa. Kada ka tattake da ƙafa.

Shimfiɗa gutsattsarin ɓawon itace ko ruɓaɓɓen ganye, kaurin santimita 5 zuwa 8, a da'ira mai faɗin mita ɗaya, ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gindi. Turke ba dole ba ne sai a wuri mai iska, shi ma a cire shi bayan shekara.

Ban-ruwa, taki da aski

A watannin farko ba shi lita 30 zuwa 40 sau biyu a mako in ba a yi ruwan sama ba, a hankali, a kan dunƙulen saiwar. Daga nan sau ɗaya a mako har ya cika shekara biyu. Tura yatsa cikin ƙasa kafin ka zuba. In da danshi, bari sai gobe. Bayan ya kafu yana jure ɗan fari, amma in ya daɗe ganye zai zube da wuri.

Girmansa a hankali ne, kuma taki ba zai sa ya yi sauri ba. Ɗan takin gargajiya da ya ruɓe, sau ɗaya a shekara kafin toho, ya wadatar. Takin zamani na ciyawar tsakar gida yana da naitirojin da yawa. In yana kai wa saiwarsa, za ka samu ganye shar amma fure kaɗan.

Aski kaɗan yake so. Tun yana ƙarami ka yanke shawara: gangar jiki ɗaya, ko uku zuwa biyar daga ƙasa. Masu gindi da yawa sun fi nuna kyan ɓawon, wanda ke saɓulewa yana nannaɗewa a ƙuruciya kafin ya yi kaushi. Cire busasshen reshe da masu gugar juna bayan fure ya zube, kuma kada ka sare masa kai. In ɗan aure ne, duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗar a fizge shi tun yana ɗanye.

In wani abu ya ɓaci

Ganye rawaya mai korayen jijiyoyi alama ce ta ƙasa mai kanwa, wadda ke hana saiwa shan sinadarin ƙarfe. Yakan faru kusa da sabon ginin siminti. A gwada ƙasar, in haka ne a barbaɗa garin farar wuta bisa adadin da ke jikin buhu, a jira watanni. Ganye mai ɗige-ɗige da ɗan zare a bayansa lokacin zafi aikin wasu mitsi-mitsin ƙwari ne dangin gizo-gizo, feshin ruwa mai ƙarfi a bayan ganye yakan kore su. In bana ya cika da fure baɗi ya rage, ba ciwo ba ne, wasu itatuwan haka suke tsallake shekara.

Masu zama a Amurka su lura da wani abu wajen saye. Akwai ɗan'uwansa na can, Chionanthus virginicus, wanda a 2014 aka gano a jihar Ohio cewa wani koren ƙwaro mai huda itatuwan da ake kira ash da Turanci yana kama shi. A gwaje-gwajen da suka biyo baya, tsutsar ƙwaron ba ta rayu a cikin na Sin ba. A karanta sunan da ke jikin tukunya da kyau.

Mai son tsirar da shi daga iri kuwa, sai ya wanke naman 'ya'yan, ya sa ƙwallayen cikin jiƙaƙƙen yashi a leda, ya ajiye a ɗaki mai ɗumi wata 3 zuwa 5 har saiwa ta leƙo, sannan ya mayar firij a digiri 5 na wata 3 kafin kan tsiron ya yarda ya fito. In a fili aka shuka a kaka, sai a shekara ta biyu za a ga ganye, don haka a kafa alama a wurin kada a nome shi.