Babi na 7: Maganin "Sai Gobe"

Iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da ƙoƙari. Duk wanda ya kawo wannan babin ya riga ya iya haɗa baƙi da wasali, ya iya rubuta sunanshi da na mahaifinshi, ya iya lambobi daga 1 zuwa 100, wannan kuwa ba ƙaramin abu bane. Amma ni na san kowa da abin da ya kawo shi ajin nan, wani so yake ya daina dangwala yatsa a banki ya riƙa sa hannu, wata so take ta yi rajistar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, wata keken ɗinki take so, wani bashi yake bin mutane yana so ya fara rubutawa. Kuma in na tambaya yaushe za a fara sai a ce "Malam sai gobe", goben nan tun farkon zango nake jiranta har yau bata iso ba. Toh yau da fensir zamu kamo ta.

Abin da za a zo dashi: littafin rubutu, fensir, kilina ta goge rubutu, da kalanda. Kowace irin kalanda ce ta yi, ko ta bango wadda ake rabawa, ko ta cikin waya.

DARASI NA 1: Buri ɗaya

Ku buɗe littafinku ta baya, shafin ƙarshe. Bangon da ke da wurin rubuta suna shine gaba, ɗayan shine baya, ta can nake nufi. Dalili kuwa in kun sa shi a tsakiya zai ɓace cikin sauran aiki.

A layin farko, daga hannun hagu, ku rubuta: Burina. Daga hagu fa, wanda ya saba da allo hannunshi zai ja shi dama, ba laifi bane, a goge a dawo hagu. Sai ku sa ɗigo biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kamar haka (:), sai ku rubuta abu ɗaya da kuke so ku yi.

Burina: in yi rajistar NIN.
Burina: in iya sa hannu a fom ɗin banki.
Burina: in shiga adashe don keken ɗinki.

Ɗaya tak. Wanda ya rubuto min guda biyar zan ce ya goge huɗu. Sannan burin ya zama abin da ido zai gani an yi shi ko ba a yi ba. "In samu rufin asiri" addu'a ce mai kyau, Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya, amma ba yadda za a yi ranar Talata in tambaye ki Hajiya kin yi ko baki yi ba. "In je a ɗauke ni hoton NIN" kuwa amsarshi e ko a'a ce.

A layi na biyu ku rubuta: Matakin farko. Wato ƙaramin abin da za a fara dashi wanda bai wuce a gama shi tsakanin La'asar da Magariba ba. Mai son NIN matakinshi na farko ya tambayi inda ake yin rajistar kusa dashi, ofishin NIMC ne, wato hukumar da ke ba da lambar, ko wata cibiyar rajista, da ƙarfe nawa suke buɗewa. Mai son keke ta je wajen masu sayarwa ta ji kuɗin sabo da na hannu ta rubuto. Shikenan, ba a ce ki saya yau ba.

DARASI NA 2: Rana

Nan ne kowa ke faɗuwa, don haka zamu zauna a kai, kar wanda ya gaji dani.

A layi na uku ku rubuta: Rana. Ɗigo biyu. Sai abu uku a jere, sunan ranar, kwanan watan, da lokaci.

Rana: Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe 10 na safe.

Sunan rana guda bakwai ne, Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar. Ku duba kalandarku da kyau ku ƙirga su. Kun ga "gobe" a ciki? Kun ga "wani satin"? Babu. Abin da babu shi a kalanda kar ya shiga layi na uku.

Yadda ake samo kwanan wata: ɗora yatsa kan sunan ranar a saman kalanda, in da Turanci aka rubuta ta toh yawanci Lahadi ce ta farko daga hagu, ka ƙirga har zuwa ranar da kake so, sai ka gangaro da yatsan ƙasa a miƙe har ka iso satin da kake nufi. Lambar da yatsanka ya tsaya a kai ita ce kwanan watan. A miƙe fa, kar yatsa ya karkace ya faɗa gidan Laraba. In hannu na rawa a ɗora kara ko rula.

In da lamba zalla za a rubuta, kamar yadda fom ɗin banki ke nema, rana ce farko, sai wata, sai shekara. Ranar da Najeriya ta samu 'yancin kai kowa ya santa, 1 ga Oktoba 1960, ana rubuta ta 1/10/1960. Ɗaya ita ce rana, goma shine wata don Oktoba ne na goma, 1960 shekara. Rana, wata, shekara. Ku faɗa da baki sau uku.

Yanzu ga irin abin da nake gani in na karɓi littattafai. Wani dattijo mai sayar da goro, mutumin kirki wallahi, rubutunshi ma ya fi na kowa kyau, ya rubuto min "Rana: bayan sallah". Na ce Baba wace sallar, ƙarama ko babba ko ta Azahar? Aka yi ta dariya har dashi. In kana so ka ɗaura aikin da lokacin sallah na yarda, ka rubuta "Asabar bayan La'asar", wannan ya yi don La'asar ɗin Asabar guda ɗaya ce, amma sai da sunan rana a gabanta da kwanan wata.

Waɗannan duk ba rana bane, in na gansu zan dawo da littafin: bayan girbi, in an yi albashi, in na samu sarari, in yara sun koma makaranta, in na kwashi adashe, nan ba da daɗewa ba.

Wata kuma ta ce min Malam ai gobe ta Allah ce, ta yaya zan yanke rana. Gaskiya ne Iya, ta Allah ce. Ki rubuta ranar sannan ki rubuta in sha Allah a gefenta, duka biyun. Ranar ɗaurin auren 'yarki ai an sa ta, an buga a kati da kwanan wata da ƙarfe kaza, ba wanda ya ce an yi wa Allah shisshigi. Kuma ya zo a hadisi cewa mai raƙumi an ce mishi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Layi na uku shine igiyar.

Mu sake. Sunan rana. Kwanan wata. Lokaci. Kuma ranar kar ta wuce kwana 7 daga yau, in ta wuce zafin ya tafi, kun san dai a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ka dubi ranar kuma da hankali, kar ka sa zuwa ofishin gwamnati ranar Asabar ko Lahadi, kar ka sa ranar kasuwar garinku in kai ɗan kasuwa ne, don ka san ba zaka je ba, ni ma na sani.

Aiki: kowa ya rubuta layi na uku sau 5 a shafin gwaji kafin ya sa shi a shafin baya. Na kusa da kai ya duba maka, abu uku zai ƙirga da yatsa. In biyu ya samu a sake.

DARASI NA 3: "Malam ni kaina ya toshe"

Wannan maganar na ji ta har na gaji. Ku da kuke riƙe lissafin bashin mutum ashirin a ka ba littafi, ke da kike raba kwanon shinkafa ki san ribarki har ta naira hamsin, kai ne ya toshe? Abin da ke damunku kunya ce, kar a je gaban ma'aikaci hannu ya yi rawa yaro ƙarami ya yi dariya. Sai a fake da karin magana, wai da muguwar rawa gara ƙin tashi, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Toh ai gemu ba ya hana ilimi ma Bahaushe ne ya faɗa, me yasa ita ba a ɗauko ta.

Kuma ba ku kuka fara ba. Tun shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci a Arewa, magidanta masu furfura suka zauna a ƙofar gidan mai gari suna a, e, i, o, u, da littattafan da aka buga a Zariya. A Kano gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, mata da maza suka shiga. Ƙila cikin kakanninku ma akwai wanda ya yi.

Maganin rawar hannu gwaji ne a gida. Mai son sa hannu ya rubuta sunanshi iri ɗaya sau 10 kullum, iri ɗaya fa, don banki abin da ka sa ranar farko shi zasu riƙa dubawa. Mai lambar NIN ya sani guda 11 ce, BVN, wato lambar da banki ke tantance mutum da ita, ita ma 11, lambar akawun kuwa 10, ka kwafe taka a takarda ka ƙirga, ka tafi da takardar a aljihu. In ka rikice a can ka ce ɗan nuna min inda zan rubuta, aikinsu ne.

Amma fa zan faɗi gaskiya ko ran wani zai ɓaci. Satin da ya wuce na ce a kawo shafin baya, rabin aji layi na uku fayau ba komai, wasu ma littafin aka bari a gida wai jika ya ɗauka. Haba jama'a. Kuna da lokacin zaman majalisa har goma na dare, kuna da lokacin sauraron saƙon murya a WhatsApp, layi ɗaya ne ya gagara? Ni ba maki nake nema ba, NIN ɗinku ce, kekenku ne. Wanda bai rubuta rana ba ya koma Darasi na 2, sunan rana, kwanan wata, lokaci, kar ya wuce nan.

DARASI NA 4: Shaida

Layi na huɗu ku rubuta: Shaida. Sai sunan mutum ɗaya da zaka gaya wa ranar, wanda kake jin nauyinshi, kuma ba mai yi maka dariya ba. Ka karanta mishi layi na uku da bakinka, ka ce in ranar ta wuce ya tambaye ka.

DARASI NA 5: In ranar ta wuce ba a yi ba

Kar a goge, kar a yage shafin. A ja layi ɗaya a kan tsohuwar ranar a rubuta sabuwa a ƙasanta, da abu ukun nan. In aka ja layi sau uku toh matakin ne ya yi girma, a rage shi.

DARASI NA 6: In an yi

A sa alamar maki a gefe, a rubuta mataki na biyu da ranarshi. A zo da littafin aji mai zuwa zan duba.