Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Kaurara Man Shafawa da Setil Alkohol da 'Yan Uwansa

Masu haɗa man shafawa a gida sun saba da fararen ƙwayoyin nan masu kama da kakin zuma, wato setil alkohol da sitiyaril alkohol da kuma setiyaril alkohol, wanda gamin biyun farko ne. Yawanci daga man kwakwar manja ko man kwakwa ake samar da su a yanzu, kuma ba su bugarwa, ba su busar da fata kamar sifirit. Aikinsu shi ne su ba man kauri da santsi.

Babban kuskure shi ne ɗaukar su a matsayin abin da zai haɗa ruwa da mai. Su kaɗai ba su iya wannan aiki, mataimaka ne kawai ga kakin haɗi, wanda masu sayar da sinadarai ke kira e-wax. Duk wanda ya zuba setil cikin ruwa da mai ba tare da kakin ba, zai ga abin ya yi fari kamar ya haɗu, amma kafin a jima ruwa zai kwanta a gindin roba, mai ya taso sama. Gyaran shi ne a sa kakin da ya kai kusan rubu'in nauyin ɓangaren mai. A giram 100, alal misali, ana iya sa ruwa giram 72, gilisarin 3, mai 16, kakin haɗi 5, setil 3, sai sinadarin hana lalacewa gwargwadon umarnin kamfaninsa, wanda sau da yawa ba ya wuce giram 1.

Daga nan sai yawaitawa, kuma a ganina gaggawa ce ke jawo ta. Man da aka gama haɗawa yana nan tsululu muddin da sauran ɗumi a jikinsa, kuma kaurinsa ba ya cika sai bayan awa 24 zuwa 48, saboda haka mai garaje sai ya ƙara setil, washegari ya tarar da abin da famfon kwalba ba ya iya jawowa. Idan aka shafa irinsa, sai ya yi ta barin farin zane a kan fata kamar an goga sabulu, a yi ta murzawa ya ƙi shiga jiki. Kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ya wadatar ga man kwalba, sai mai kauri na gwangwani ne ke kaiwa kashi 5. A kuma tuna cewa kakin haɗin da kansa akasari yana ɗauke da setiyaril, kuma man kaɗanya, wanda ake yawaita shi saboda kaushin hunturu, shi ma yana ƙara kauri, don haka idan yana da yawa a haɗin sai a rage setil.

Awo da cokali ma yana ɓata aiki, domin girman ƙwayoyin ya bambanta. Ƙaramin sikeli mai auna giram shi ne magani.

Gudaji kuwa daga wajen zafi yake fitowa. Setil yana narkewa a wajen digiri 49, sitiyaril kuma a wajen 59, shi ya sa ake narkar da su cikin ɓangaren mai, a ɗumama mai da ruwa kowanne daban zuwa digiri 70 ko 75 kafin a gama su. Idan aka kwarara ruwa mai sanyi a kan narkakken mai, nan take setil ɗin zai daskare ya zama tsaki-tsaki da ake ji a tafin hannu. In hakan ta faru tun ba a sa turare da sinadarin hana lalacewa ba, ana iya mayar da kwanon cikin tukunyar ruwan zafi har komai ya sake narkewa, a buga shi da bilenda ta hannu, a ci gaba da juyawa har ya huce.

Haka nan ba daidai ba ne a musanya su giram da giram ba tare da gwaji ba, domin setil ya fi santsi da sauƙin shiga jiki, sitiyaril ya fi nauyi da tauri. Kuma babu ɗayansu da ke hana man rumewa, saboda haka dole ne a zuba sinadarin hana lalacewa bayan haɗin ya sauko ƙasa da digiri 40.