Darasi na Bakwai: Maganin Shaƙa da Sarƙewar Numfashi

Ciwon asma yana sa hanyoyin iska na cikin huhu su kumbura, su matse, majina ta taru. Sai ƙirji ya yi nauyi, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar usur.

Inhela, wato maganin da ake shaƙa ta baki, iri biyu ce aka fi sani. Ta farko, salbutamol, yawanci shuɗiya ce. Tana buɗe hanya cikin 'yan mintuna, aikinta ya kai awa 4 zuwa 6, amma ba ruwanta da kumburin. Ta biyu mai sitiroyid ce, irin su beklometason da budesonid, galibi ruwan ƙasa. Ita ke kwantar da kumburi, sai dai a hankali take aiki. Ana fara ganin sauƙi bayan kwanaki, cikakken amfaninta kuwa sai an yi makonni ana shaƙa yadda likita ya ce.

To, ga inda ake samun matsala. Ba kowane mai asma ke jin matsewar huhunsa yadda take ba. Wanda ya daɗe da ciwon, ko tsoho, ko mai kumburi mai tsanani, jikinsa kan saba. Huhu ya matse sosai, ka tambaye shi ya ce maka lafiya lau. Irin waɗannan ne ake kaiwa asibiti a makare.

Bincike ya nuna cewa idan sitiroyid ya rage kumburi, wasu masu ciwon kan dawo suna jin matsewar tun tana farawa. Mutum na iya zaton maganin bai karɓe shi ba, har ya ajiye shi, alhali jikinsa ne ya fara sanar da shi da wuri. Wasu kuma da sun ji sauƙi sai su daina, kumburi ya dawo ba su sani ba. Kada ku bar maganin sai da izinin likita.

Tunda ji kaɗai na iya yaudara, akwai ƙaramar na'ura da ake hurawa, tana auna ƙarfin fitar iska. Ku rubuta lambarku mafi girma lokacin da kuke lafiya. Idan awo ya sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100 nata, a yi hattara. Ƙasa da kashi 50, ku shaƙi shuɗiyar ku tafi asibiti nan take, ko da ba ku jin wahala sosai.

Bayan kowace shaƙa ta sitiroyid, ku kuskure baki ku tofar, don gudun farin ƙurajen baki da dashewar murya.

Aiki: ku duba inhelarku, ku rubuta sunanta da launinta a littafinku.