Yadda zaka gane Jibiya da kewayenta in ka je karo na farko

Jama'a in zaka Jibiya ka tashi da sassafe daga Katsina, mota ba ta wuya a tasha, ka miƙi titi yamma tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba in dai ba a tsaya da yawa a shingayen jami'an tsaro ba, kuma gaskiya suna da yawa don haka ka riƙe katin shaidarka a aljihu.

Abu na farko ka gane Magama, nan ne hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta yi arewa zuwa boda, kana wuce kwastan da imigireshin ka shiga Nijar, Ɗan Isa ne a gabanka sannan Maraɗi, can kuma sefa ake kashewa don haka ka yi canji tun a nan. Ɗayar ta shiga cikin garin Jibiya ta wuce Gurbin Ɓaure har Zurmi ta Zamfara, wannan kam kada ka bi ta sai ka tambayi 'yan gari halin da ake ciki saboda 'yan bindiga, da dare kuwa sam.

Ka samu ka je dam ɗin Jibiya, wallahi wurin yana burge ni, ƙasar yashi ce ga zafi amma ka ga kore shar na noman rani, kuma gulbin nan shi ne yake gangarawa ya ratsa Maraɗi. In so samu ne ka je ranar Lahadi da kasuwa ke ci.